Neman Fuskar Inna Har Gummi

Ku matso kusa, ku gyara zama, don bakina ya gaji da maimaitawa. Tun ranar da na dawo babu wadda ta shigo gidan nan aron turmi ko ɗibar wuta ta fita ba ta ce, "Kulu, yaya Gummi? Ina kyamarar?" Sai ka ce Makka na je. Ban ga laifinku ba. Kun san ni, sai shekara ta zagayo ban wuce bakin kasuwar Anka ba, ko biki anka yi a wata unguwa, ina cikin taro hankalina na kan tukunyata. To ga shi na zauna na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran, in kun ga kuskure ku yi haƙuri, a aji huɗu na tsaya.

Hoto ɗaya ne ya fitar da ni daga gida, kuma ba ni na ɗauke shi ba.

Da babbar Sallah taubashiyata Luba, ɗiyar kawuna da ke aure a Gummi, ta zo gaida Inna. Ta shigo da wata baƙar kyamara rataye a wuya, ƙatuwa, kamar ta goya ta ta gaba. Ta ce, "Gwaggo, dube ni nan." Inna ta ɗago ta dube ta tana dariya, ta danna. Shi ke nan. Washegari hoton ya shiga guruf ɗin danginmu na waya. Ga Inna zaune kan tabarma, ga wushiryarta, ga zanen fuskarta ɗaya bayan ɗaya kamar ka ƙirga, idonta cikin idon mai kallo. Har wayata ta yi zafi don "Masha Allah". Ƙanena Sani da ke aiki a Gusau ya sa anka wanke shi babba, ya rataye a falonsa.

Ni kuwa shekara shida ke nan ina ɗaukar hoto. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce. Shi Sani ɗin ne ya ba ni wata 'yar farar kyamara da ya daina amfani da ita, na riƙa zuwa da ita suna da biki ina ɗaukar mata a cikin ɗaka, inda mai hoto namiji ba ya shiga. Da yawanku ni na ɗauke ku da jariranku. Amma uwar da ta haife ni, ba ni da hoton fuskarta ko ɗaya.

Dalili kun san shi, ni ce ɗiyar fari. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Wurin kakata na tashi, kuma har yau da nake da jika, ina zaune gabanta za ta ce da matar autanmu, "A faɗa wa waccan ta ɗauki kwanonta." In na dube ta sai ta dubi bango. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka ta tarar ana yi, ga shi kuma ta girma cikin maƙwabta Fulani da tasu kunyar ta fi ta kowa. Ban taɓa jin haushin abin ba sai da na fara hoto. Ita 'yar kyamarar tawa in ka kunna ta sai hancinta ya fito yana kuka, zuuu. In ka danna kuma sai ta tsaya tunani kamar mai neman izini, sannan ta watso haske. Kafin ta gama wannan duka Inna ta juya.

Da damina Inna ta kwanta ciwo har anka fara kiran dangi. Allah ya tashe ta, amma ni abin bai bar ni ba. Na ce wato in ta Allah ta kasance, fuskar Inna da jikokina za su sani, Luba ce ta ɗauko ta. Luba! Wadda ko ruwan wanka ba ta taɓa ɗora mata ba.

Sai na kama akuyoyina biyu na sa anka kai kasuwa. Maigidana ya ce, "Ke da ba ki iya barci a gadon wani, ina za ki?" Na ce Gummi, can anka ce akwai masu sayar da kyamarori na hannu. Ya ce in dai tare da Tumba ne ya yarda. Tumba kun san ta, dillaliyar nan ta bayan masallaci mai kai atamfa garuruwa, babu direban da ba ta san sunan uwarsa ba.

Ba mu tashi ba sai da rana ta ɗaga sosai, don kun san halin da hanya take ciki yanzu, ba mai sammako, ba mai yamma, sai motoci sun taru a bi juna. Na ɗauko butata, da filona, da yajina a ƙulle, da ƙuli-ƙuli, da tsohuwar kyamarar ko za a karɓe ta a yi mini ragi. Tumba ta dubi kayan ta ce, "Ƙaura za ki yi?" Mu huɗu anka cusa a baya, ni a tsakiya, kuɗin akuyoyi ɗaure a lalita yana danna mini ƙugu.

Ba mu yi nisa ba na ji kukan akuya daga but ɗin motar. Kunnena ba ya yi mini ƙarya. Na ce, "Direba, jar akuya ce mai tsagaggen kunne?"

Ya ce, "Hajiya, yaya anka yi kinka sani?"

Tawa ce. Wani mutumin Nasarawa ne ya saye ta a kasuwa, ga shi nan zaune a gaba. Duk ramin da mota ta faɗa sai ta yi kuka, ni kuma sai in ji kamar da ni take. Mutumin ya juyo ya ce, "Mi ya sa kinka sai da ita? Tana da ciki hwa." Wallahi ban sani ba. Tumba ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "To kyamararki ta zama ta akuya ukku, ko huɗu in tagwaye ne."

Dariyar ba ta daɗe ba, don a tsakiyar daji taya ta yi faci. Mazan sunka sauka sunka kama wa direba ba wanda ya roƙe su, mu mata muna ciki kowa bakinta na motsi da addu'a. Ko akuyar shiru ta yi. Ban taɓa ganin an sake taya da sauri haka ba. Sai da munka hango rufin kwano na wani ƙauye sannan na kwance ƙuli-ƙuli na raba, har mai akuyata na ba, duk da bai cancanta ba.

A shingen jami'an tsaro anka ce kowa ya sauka da jakarsa. Wanda ya buɗe tawa dogo ne, ba Bahaushe ba, Hausarsa da ƙafa ɗaya take tafiya. Ya ɗaga filo, ya sunsuna yaji ya yi atishawa, sai ya ci karo da kyamara. Fuskarsa ta sake.

"Mama, kai ɗan jarida?"

Na ce a'a.

"Ka ɗauki mu a hanya?"

Na rantse. Ya ce in kunna. Hancinta ya fito, zuuu, ya fara dannawa yana dubawa. Ƙeyar Inna. Ya danna. Kunnen Inna da ɗan kunne. Ya danna. Kallabin Inna, kafaɗar Inna, rabin haɓa, ƙeya kuma. Ya kira abokinsa, shi Bahaushe ne, sunka duba tare. Abokin ya ce, "Hajiya, wannan tsohuwar me ta yi miki kike bin ta ta baya?" Na ce uwata ce. Ya ce, "'Yar fari?" Na ce i. Ya mayar mini da kyamarar da hannu biyu ya ce, "Ni ma haka tawa take. Allah ya ba da sa'a." Har munka tashi dogon yana ta tambayarsa da Turanci, shi kuma yana ta kaɗa kai, na ga alamar abin ya ƙi fassaruwa.

Tumba tana da kayan da za ta sauke a Bukkuyum, don haka munka sauka a Nasarawa, na leƙa but na yi ban kwana da akuyata, munka hau wata motar. A Bukkuyum ɗin ta ce kafin in zuba kuɗina a Gummi in fara ganin Malam Garba mai hoto. Tsoho ne da ya yi wa rabin garin hoton aure, yanzu ido ya yi rauni, fasfo kawai yake yi. Shagonsa ɗan ƙarami, da labule a bango mai zanen jirgin sama da ya koɗe.

Ya buɗe wani akwatin ƙarfe ya ɗauko wata kyamara. Jama'a! Ta fi ta Luba. Sai da na sa hannu biyu na ɗaga ta. Na rataya a wuya, na dubi madubinsa, nan take na ga kaina ina shiga gidan Luba ina cewa a ba ni wurin ajiyewa, nauyi gare ta.

Na ce, "Malam, nawa?" Ya faɗa. Na lissafa kuɗin da akuyoyi a raina, sai na ga garke ne guda. Ya ga fuskata ya ce gangar jikin kaɗai zai iya bar mini a kuɗin da ke hannuna, amma gilashin gaba daban ake sayensa, kuma ya fi jikin tsada. Na ce to a ba ni jikin, gilashin ya biyo baya. Tumba ta dafe kai. Malam Garba ya murɗe gilashin ya cire, ya miƙo mini sauran ya ce in leƙa. Na leƙa, fari fat, ba komai. Ya ce, "Haka za ki rataya ki shiga gidan suna?" Allah ya sani, da don Luba kaɗai ne da na rataya.

Sai ya ce in zauna.

"Ɗiyata, mi kike son ki ɗauka?"

"Tsohuwa."

"Gudu take?"

"Wuyanta kaɗai."

Na ba shi labari. Ya mayar da gilashin, ya ɗaga babbar ya kai ta ido ya auna ni, ya danna. Ƙwas! Har na zabura. Ya ce, "Kin ji? Kuma sai kin ɗaga ta bisa huskarki kin auna mutum kamar maharbi. Wadda ke gudun idonki biyu, ki ƙara mata da na ukku ƙato haka? Ba girma kike nema ba. Nemi wadda ba ta da baki, kuma ba ta jinkiri."

Na ce, "Amma ta Luba babba ce."

Ya ce, "Luba ita anka haifa a gidan da hwari?"

Na miƙe na gyara mayafi zan tafi.

Bai bar ni na tafi haka ba, ya koya mini yadda ake duba ta hannu. Ka haska fitilar waya cikin gilashin, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ta sha damina a cikin akwati, kada ka karɓa ko da rabin kuɗi. Ka ɗauki hoton farin bango ka duba ko da ɗigo a ciki. Batir kuwa ya ce kada in yarda da rantsuwar mai kaya, in kunna in ajiye in ja shi da hira, in ga wanda zai riga gajiya. Na ba shi goro, ya ce ba ya da haƙoransa, amma ya sa a aljihu.

A gidan wata ƙawar Tumba munka sauka, Hajiya Ige. Mutanen kirki. Anka kawo mana hoce da miya, na kwance yajina a ɓoye na barbaɗa, don miyarsu ba ta da faɗa, kamar ta mai jego da anka hana yaji. Furarsu kuwa ba ni da abin cewa, nonon ya fi namu kauri. Abin da ya tsaya mini a gidan shi ne matar ɗanta, yarinya mai haihuwar fari. Gaban kowa ta ɗaga jaririyar sama tana kiran sunanta, "Hafsatu! Hafsatuna!" ta manna kumatunta da nata ta ɗauke su da waya. Hajiya Ige ta kawar da kai ta ce, "Ɗiyan zamani, ko ta ido babu." Na ce, "Wallahi kuwa Hajiya, abin ya lalace." Da baki na faɗa. A ciki kuwa, ni mai jika, kishin jaririya 'yar wata huɗu nake yi. Barci dai ban yi na kirki ba, filona ya yi iya ƙoƙarinsa.

Da hantsi munka kama hanyar Gummi. Gari ne babba, ya fi yadda nake zato, kuma duk inda ka juya ƙwarya ce tuli-tuli, har da waɗanda za a yi wa jariri wanka a ciki. Mutanen Gummi ba su iya magana uku ba su sa gulbi a ciki ba. Ka ce musu ina gajiya, su ce ruwa ya ja baya. Kuma da kifi suke karya kumallo, abin da mu sai an yi baƙo.

Tumba ta raka ni ƙofar gidan Luba ta wuce harkarta. Tun daga zaure na ji muryarta.

"Wa nike gani? Baiwata ce ta hito daga rami? Ku shimfiɗa mata buhu, tabarma ta yi mata yawa!"

Kun san wasan, ita ɗiyar namiji, ni ɗiyar mace. Na ce, "Uwargijiyar da ta bushe haka? Kifin bai karɓe ki ba?" Munka rungume juna. Ina son Luba, kada ku ji ni ba daidai ba. Abin da ke rataye a ƙusa bisa gadonta ne ba na so.

Ko ruwa ban gama sha ba wasu mata biyu sunka yi sallama, wai suna neman "Hajiya mai hoto" ta zo musu suna ranar Laraba. Hajiya mai hoto! Ni a nan Anka na san abin da kuke kira na in na ba da baya, Kulu mai zuuu. Kada wadda ta musa, da kunnena na ji a gidan bikin Asabe.

Ta soya mini kifi, ta zauna tana nuna mini hotuna a cikin kyamarar. Ashe wanda ta tura ɗaya ne cikin goma sha wani abu. Inna tana ba da labari da hannu. Inna ta rufe baki tana dariya. Inna tana harararta da wasa. Ban taɓa sanin Inna ta iya harara ba. Na ture kwanon kifin gefe.

Luba ta lura. Ta rage murya ta ce, "Ke Kulu, in na je rabin hirarmu ke ce hwa. Waccan ta yi kaza, waccan ba ta cin abinci, waccan ƙahwarta na ciwo."

Ta ɗauka daɗi zan ji. Na ce, "To. Ke dai ake faɗa wa."

"Ɗauki tawa ki tahi da ita, ki maido in kin gama."

Na ce a'a. In na ɗauka da tata, ko hoton ya yi kyau kamar me, cewa za a yi kyamarar Luba ce. Ta ce, "Baƙin hali dai sai ɗiyan mace." Ta yafa mayafi ta raka ni kasuwa.

Shagon na wani mai gyaran waya ne, Nura, yana da 'yan kyamarori na hannu a cikin akwatin gilashi. Da ya ji abin da ke hannuna sai ya fara da waya. Ya ce, "Hajiya, wa ke wahala da kyamara yanzu? Ga wagga, sabuwa dal." Na ɗauki Luba da ita don gwaji. Luba da ta fi ni baƙi ta fito fara sol, fuska sumul, ko layin goshinta babu. Ta ce, "Kai, wagga ta san ni!" Na ajiye. Inna baƙa ce, kuma zanen fuskarta nake so, me zan yi da abin da zai goge mata shi?

Sai ya ɗauko wata kyamara mai dogon hanci, ya ce daga nan zan iya jawo mai kifin da ke can ƙarshen layi. Gaskiya ne, na jawo shi har ina ganin ƙudajensa. Raina ya kwanta da ita, na ce sai in laɓe a ɗakin girki in jawo Inna daga nesa. Tana kuma da ɗan girma, ba za ta ji kunya kusa da ta Luba ba. Har na kai hannu kan lalita sai na tuna Malam Garba. Na ce Luba ta haska mini fitilar waya. Ga ta nan kuwa, saƙar gizo-gizo shimfiɗe a cikin gilashin. Nura ya ce ƙura ce. Na ce, "Ƙanena, fumfuna ce, ta sha damina." Ya dube ni, ya dubi Luba ya ce, "Ke kinka ce daga Anka take, ba ta san komi ba." Luba ta kama kallon rufin shago.

Saura ɗaya da kuɗina zai kai. 'Yar baƙa, duk gefenta ya goge, da kaɗan ta fi tsohuwar tawa girma. Allon bayanta kuma ɓallowa yake ya juya sama da ƙasa kamar murfin akwati. Luba ta ƙyalƙyale. "Wagga ai ta 'yan mata ce masu ɗaukar kansu suna turo baki! Baiwa, da tsufanki?" Ban kula ta ba. Na ɗauki bango, ba ɗigo. Nura ya latsa nan ya latsa can ya kashe mata sauti, na danna, ban ji komai ba, har na ce ba ta ɗauka ba, ashe ta ɗauka tun kafin in ɗage yatsa. Na bar ta a kunne na ajiye, na gyara zama na ba shi labarin jar akuyata tun daga haihuwarta. Batir bai mutu ba, shi Nura ne dai ya kusa. Ya karɓi tsohuwar kyamarar, ya ƙara mini batir na biyu don in tashi.

Na saya, amma ba da farin ciki ba. Da munka koma gida Luba ta ajiye ta kusa da tata ta ce ga kaka ga jikanya. Na yi dariya don kada a ce wani abu.

Washegari a tasha ni da Tumba muna jiran mota ta cika, na ɗora ta a cinya, na ɗaga allon sama, na sunkuya ina koyon maɓallanta. Sai na ga mutum a ciki. Wata Bafulatana ce mai nono zaune gabana, wadda ɗazu da na tambaye ta kuɗin nono ko ɗago kai ba ta yi ba. Ga ta a allon ta zuba mini ido, tana kallon lallen hannuna da ɗan kunnena hankali kwance, don a ganinta ni ƙasa nake kallo. Na ɗago, ta kawar da kai. Na sunkuya, ta dawo. Ban ɗauke ta ba, kiranta na yi na nuna mata yadda abin yake. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe mayya ce wagga aba." Ta ja ƙwaryarta ta koma bayana ta zauna.

Tun daga Gummi har Anka kaina na sunkuye kan allon, har Tumba ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne.

Na kwana, da hantsi na ɗauki tsarabar busasshen kifi da ƙwarya biyu na nufi gidanmu. Inna tana zaune bakin ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, rana ta faɗo a gefen fuskarta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa wa kajin da ke gabanta.

"An dawo?"

"An dawo."

"Mutanen can lahiya?"

"Suna gaishe ki."

"Madalla."

Iyakar hirarmu ke nan kullum. Na ja 'yar kujera na zauna can gefe, na ɗora kyamarar a cinya, na rufe rabinta da bakin mayafi, na ɗaga allon, na sunkuyar da kai kamar mai cire ƙaya a zane.

Na daɗe a haka. Gyaɗa na ta ƙara, ɓas, ɓas. Wuyana ya fara ciwo. Sai ƙarar ta tsaya.

A cikin allon na ga ta ɗago. Ta fara daga ƙafata, wadda ke ciwo, ta ɗan tsaya nan. Ta hau zuwa hannuna, zuwa wuyana, kamar mai duba ko an rage wani abu a hanya. Sannan ta zo kan fuskata ta zauna. Ba dariya take ba irin ta hoton Luba. Ban san sunan abin ba. Bakinta a ɗan buɗe, ƙwayar gyaɗa ɗaya a hannunta ta manta da ita. Shekara arba'in da wani abu, ashe haka take kallona in na sunkuya, ni kaɗai ce ban taɓa gani ba.

Na danna. Ba ta ji ba.

Hancina ne ya kusa tona ni, don sai da na ja shi. Nan take ta koma kan gyaɗarta, ta ɗaga murya ta ce da matar autanmu, "A dama wa mutanen Gummi hura. Sun rame."

Yau kwana tara hoton yana cikin kyamara. Ko maigidana ban nuna wa ba, kuma ku da kuke ta cewa in nuna muku, ga dalilin da ya sa nake ce muku batir ba caji. Amana ce na ba ku, kada maganar nan ta bi ta ƙofar gidanmu.

Luba ta kira ni sau uku. Jiya cewa ta yi, "Baiwa, shiru? Ko ita ma ta kasa?" Sai da na ciji leɓe. Wallahi na san in na tura shi guruf nata ya koma baya, Sani da hannunsa zai sauke wancan daga bango. Har na ɗauka zan kai wa mai shago ya zuba mini a waya, na juyo daga bakin ƙofa. Gidanmu ba a ɓoye abu. Kafin la'asar wata jika ta kai wa Inna waya ta ce, "Inna, dubi yadda kike kallon Kulu." Daga ranar kuwa ko zan sunkuya har goshina ya taɓa ƙasa, bango za ta kalla, na sani.

Amma kuma a ce na Luba ne a falon Sani, ana ta yi mata Masha Allah, ni ina zaune da nawa a ƙarƙashin filo? Shi ne ya hana ni sakat. To ke da kinka saurara har ƙarshe, tsakaninki da Allah, in ke ce, za ki tura?